Yadda Na'ura Ta Mai da Inna Nas

Inna ba ta taɓa shiga aji ba. Allo ta yi, ta tsaya inda ta tsaya, sauran iliminta na daddawa ne da na wankan jego. A unguwarmu a Kende, in mace ta haihu, kafin a aika wa dangin miji an aika wa Inna. Ba ungozoma ba ce, ba ta yanke cibi. Nata aikin daga baya yake farawa: ta ɗora ganga a murhu, ta zuba ganyen dogon yaro da na tsamiya, in ya tafasa ta zaunar da mai jego, ta riƙa tsoma ganyen tana fyaɗa mata har jiki ya yi laushi. Safe da yamma, kwana arba'in. Ba a biyanta. Wani gidan a kawo mata sabulu ranar suna, wani gidan ko sannu.

Mu biyu ne mata a ɗakinta, ni da Yaya. Yaya ta auri wani ɗan Birnin Kebbi da ya tafi karatu wata ƙasar Turawa, ya samu aiki can, ya ɗauke ta. Shekara uku shiru, sannan ciki ya zo. Da a ce al'ada aka bi, gida za ta dawo ta haihu. Amma likitanta ya hana ta hawa jirgi saboda hawan jini, takardunta na zama kuma suna hannun hukuma ana sabunta su. Sai mijinta ya ce to Inna ta je. Shi zai ɗauki komai, mu dai mu cike fom ɗin neman biza daga nan.

Ni ce mai sakandare a gidan, kuma ni ce mai rawar kai, saboda haka ni aka ɗora wa. Cikin Yaya yana wata biyar lokacin. Na lissafa na ga lokaci ya ishe mu har da saura.

Fasfo bai ba mu wahala sosai ba. Ranar cike fom muka hau mashin zuwa Bagudo, shagon wani mai kwamfuta da ke yi wa mutane irin waɗannan takardu. Mutum ne mai tumbi da son a ce ya sani. Yana ganin na jawo kujera kusa da shi ya fara.

"'Yar boko, ke za ki yi ko ni za ni yi?"

"Kai ka danna, Malam, ni in faɗi."

Suna, shekaru, sunan miji, duk muka wuce. Aka zo tambayar ko mai nema ta taɓa zuwa wata ƙasa cikin shekaru goma da suka wuce. Kafin in buɗe baki ya danna a'a.

Na ce, "Tsaya. Binin fa?"

"Wane Binin?"

"Wanda ka sani. Kusan kowane mako tana can."

Gaskiya ce kuwa. Inna takan kai daddawa kasuwannin ƙetare, ta sayo gari da manja. Ƙannen uwarta biyu can suke aure. Ita ba ma ta ce Binin, Dahomi take cewa, kamar yadda kakarmu ke faɗa. Ba wanda ya taɓa tambayarta takarda. Jandarmomin da ke bakin hanya sun san ƙwaryarta, wani ma bashin gaisuwa yake binta in ta kwana biyu ba ta wuce ba.

Mai kwamfuta ya juyo da kujerarsa. "Ƙanwata, wannan ba tahiya ta ba. Kasuwa ta. Dubi fasfon ga, ko tambari guda babu. In kin ce ta tahi, ina shaida?"

"Wata ƙasa ce ko ba wata ƙasa ba ce?"

"Ga takarda wata ƙasa ta."

"To ai takarda muke cikewa."

Inna tana gefe kan benci, ta ji muna ja-in-ja ta ce mi na na. Na gaya mata. Ta ce, "Awo, rubuta. Ni ba a yi mani ƙarya bisa takarda. In sun tambaye ni mi za ni ce?"

Ya ɗaga kafaɗa ya rubuta Binin. Akwatin ya nemi sau nawa. Wa zai ƙirga? Na ce ya sa kowane mako. Dalilin zuwa? Na ce sana'a da dangi.

Sai babbar tambayar, dalilin tafiyar da ake nema. Akwati ne mai faɗi, an ce a yi cikakken bayani.

"Ziyarar ɗiya," in ji shi. "Kalma biyu. Haka nika sa ma kowa."

Ni kuwa sai na ga wannan lalaci ne. An ce cikakken bayani, ga wuri an bayar, me zai sa mu yi rowar magana? A raina, can inda fom ɗin zai je akwai wani mutum zaune, wataƙila ma mace mai 'ya'ya, wadda in ta karanta za ta gane cewa wannan tsohuwa ba gudu za ta yi ba, wanka za ta yi wa ɗiyarta ta dawo. Na ture hannunsa na rubuta da kaina, da Turancin da na ci jarrabawa da shi. Na ce za ta kula da mai jego kwana arba'in, safe da yamma. Za ta yi mata wankan ruwan zafi da ganye, ta gasa mata jiki, ta dafa mata kunun kanwa da abincin da ke mai da jini. Za ta kula da cibiyar jariri. Don in ƙara mata daraja, na ce ta fi shekara ashirin tana yi wa matan garinmu haka, kowa ya san ƙwarewarta.

Na karanta wa Inna da Hausa. Ta yi murmushi, ta gyara lulluɓi. "Haka na. Ba ki rage komi ba."

Mai kwamfuta ya ce, "Allah shi sa a dace," da irin muryar da ake yi wa wanda ya sayi mataccen mashin.

Aka ba mu rana a Abuja don ɗaukar hoto da zanen yatsu. Inna ba ta taɓa wuce Kontagora ba. Tun a mota take shirya abin da za ta gaya wa Baturen in ya tambaye ta. Za ta ce masa tana da awaki, tana da miji da ba ya cin tuwon kowa sai nata, kuma ita sanyi ba ya yi mata. Har tana tambayata yadda ake cewa "ba ni daɗewa" da Turanci, tana maimaitawa.

Ba Bature a wurin. Wata yarinya ce 'yar ƙasarmu bayan gilashi, da farce dogaye, ta ce a dubi nan, a ɗora yatsu nan. Minti biyar ba mu cika ba. Inna ta tsaya tana jira.

"An gama, Mama," in ji yarinyar.

Inna ta dube ni. "Wa za ni yi ma bayani?"

Na tambayi yarinyar. Ta ce su karɓa kawai suke yi, ba su yanke hukunci, za mu ji ta imel. Inna ta fito tana waige kamar ta bar wani abu a ciki.

Muka dawo gida muka zauna jira. Inna ta shanya ganye ta daka, tunda an ce ba a shiga jirgi da ɗanye. Ta sa aka nemo mata jar kanwa mai kyau. Matan unguwa suna ta shigowa sallama tun ba a sa rana ba, kowace da saƙonta.

Amsar ta zo cikin Yaya yana wata bakwai. Da hantsi ne, ina wanke-wanke, wayata ta yi ƙara. Na share hannu a zane na buɗe. Na karanta sau ɗaya ban gane ba. Ba Turancin ne ya fi ƙarfina ba, maganar ce ba ta Inna ba. Har na koma sama na duba sunan ko takardar wata aka aiko mana. Sunanta ne, lambar fasfonta ce.

Takardar ta ce an ƙi. Ta ce bayanan da aka bayar sun nuna mai nema ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya ce ta masu haihuwa, mai shekaru sama da ashirin a aiki. Ta ce tana wannan aikin ne a wata cibiyar lafiya a Jamhuriyar Binin, inda take zuwa kowane mako. Har ayyukanta aka jera: ba marasa lafiya magani, kula da rauni, tsara abincin majinyata, aikin safe da na yamma. Ta ce mai nema ta ɓoye wannan aiki ta rubuta cewa ita 'yar kasuwa ce, kuma fasfonta bai nuna shiga da fitar da ta yi iƙirari ba. Saboda haka an gamsu cewa aiki za ta je yi ba da izini ba, kuma ta yi yaudara. An hana ta sake nema har shekara biyar.

Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe irin waɗanda ake sa wa a jikin kwalbar magani, an rubuta cewa an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tantance wannan buƙata, amma jami'i ya duba kafin a yanke hukunci.

Wace cibiyar lafiya? Ban rubuta cibiyar lafiya ba. Ba inda na ce magani. Na'urar ta ɗauki wankan daga wannan akwati, ta ɗauki Binin daga wancan, ta haɗa su, inda bai haɗu ba ta cike da abin da ta ga dama. Ta gina wa uwata asibiti a ƙetare, ta ɗauke ta aiki, sannan ta kama ta da laifin ɓoyewa. Kuma wai mutum ya duba. In har ya duba, to hoton Inna yana gabansa, da tsagarta, da wurin sa hannu inda ta dangwala yatsa don ba ta iya rubuta sunanta. Wannan ce nas ɗin. Ni na fi yarda shayi yake sha ya danna.

Baba yana zaure yana gyaran igiyar shanu. Na kira shi ciki na fassara musu tare. Da na kai wurin asibitin sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe likita gare ni cikin gida, nika ta wahala da ciwon ƙugu! Ke, ina albashin?"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce in sake karanta wurin yaudarar. Na sake.

"Ni niy yi ƙarya?"

"Haka suka ce, Inna."

"Wa yac ce?"

"Na'ura."

"Na'ura ta san ni?"

Baba ya daina dariya, ya ɗauki igiyarsa ya fita. Inna ta tashi ta kwashe ganyen da ta daka ta ba maƙwabciyarmu, wadda sarakuwarta ke da tsohon ciki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na koma Bagudo. Mai kwamfuta ya karanta, ya tsotsi haƙori.

"Na hwaɗa maki kalma biyu."

"Na ji, ka faɗa. Yanzu me za a yi?"

"Waɗanda nis sa ma kalma biyu, wasu suna can suna shan sanyi. Akwai wanda nis sani ba ya da niyyar dawowa, an ba shi."

Wannan ya fi takardar ƙona mini rai. Ashe abin ba ya son a yi masa bayani. Wanda ya rufe baki ya wuce, wadda ta ce kada a yi mata ƙarya bisa takarda ita ce mayaudariya.

Mijin Yaya ya yi iya ƙoƙarinsa daga can. Ya buga lambar ofishin, murya ta ce ya danna ɗaya, ya danna biyu, ta mai da shi shafin intanet. A shafin akwai wani abu da ke amsa tambaya, shi ma na'ura ne, ya yi masa godiya ya ce ya duba takardarsa. Daga ƙarshe ya samu wani lauya ya ce ana iya neman a sake dubawa, amma sai mun kawo shaidar da ke nuna kuskure.

Wato mu kawo shaidar cewa Inna ba nas ba ce. Ka zauna ka yi tunanin wannan. Wa ke ba da takardar cewa mutum bai yi makaranta ba? Wane asibiti za mu je a Binin ya rubuta mana cewa ba ta aiki a wurinsa, alhali takardar ba ta faɗi sunan asibitin ba, don babu shi? Duk da haka na yi yawo. Mai unguwa ya rubuta cewa ya san ta tun tana amarya, daddawa take sayarwa, wankan jego kuwa taimako ne take yi wa mata ba biya. Limamin unguwa ya sa hannu. Na ɗauki hotonta a gaban tukunyar kalwa, hayaƙi yana shiga mata ido, ina ce mata ta ɗago kai. Na ji kunyar wannan hoton. Uwata, da girmanta, ana ɗaukarta hoto don a tabbatar wa wani inji cewa jahila ce.

Labari kuma ya riga ya zaga gari. A bakin rijiya ana ce mata Nas. Wasu wasa suke yi. Wasu kuwa sun fara cewa ai Turawa ba su ƙirƙiro magana haka kawai, wa ya san abin da take yi in ta ƙetara. Wata da Inna ta yi wa wanka haihuwa huɗu ta tare ni tana tambaya, wai da gaske allura take yi wa mutane a Dahomi? Na ce mata e, kuma ke ce ta gaba.

Muka aika komai. Bayan mako biyar amsa ta zo. An sake dubawa, in ji su, an kuma tabbatar da hukuncin farko. Sakin layin nan na asibiti yana nan yadda yake, ko waƙafi ba a taɓa ba. Abu ɗaya aka ƙara: wasiƙar mai unguwa ta nuna mai nema sananniya ce wajen kula da masu haihuwa, wanda ya yi daidai da abin da aka gano.

Ban fassara wa Inna wannan ba. Na ce mata sun ƙi, shi ke nan.

Yaya ba ta kai wata tara ba. Jinin ya hau, aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, 'yar ƙarama. Mijin ya samu hutun kwanaki, suka ƙare, ya koma aiki. Ta rage ita kaɗai a ɗaki a hawa na huɗu, da ɗinki a ciki, da jaririyar da take tsoron ɗauka. Maganar ruwan zafi ma ba ta taso ba, likita ya hana.

Ranar da za ta yi wa yarinyar wanka ita kaɗai karo na farko, ta kira ta bidiyo da la'asar ɗinmu. A gidanmu sabis ba ya kamawa sai kusa da rumbu, saboda haka can na kai wa Inna kujera na riƙe mata wayar. Yaya ta jingina tata wayar da wani abu, muna ganin roba da rabin jikinta. Ta rame, idanunta sun faɗa. Da ƙyar take sunkuyawa.

"Taɓa ruwan da guiwar hannu," in ji Inna. "Ba da yatsa ba. Guiwar hannu nic ce."

"Na taɓa, Inna."

"To aza ta bisa hannunki na hagu. Ƙeya cikin tahin hannu. Ke, ba haka ba, mi kika tsoro? Ɗiyarki ta."

Yarinyar ta tsanyara kuka. Yaya ta sa sabulu, jikin ya yi santsi, muka ga kan yana zamewa baya.

"Riƙe kan! Riƙe kan!"

Hoton ya tsaya cak, da bakin Yaya a buɗe, sannan ya ɗauke. Na ɗaga wayar sama, na zaga rumbu, na hau kan turmi. Babu. Inna tana tsaye, ban ma ga lokacin da ta miƙe ba.

"Ta riƙe?"

"Ban gani ba, Inna."

Sai bayan magariba saƙo ya shigo cewa lafiya lau, an yi wankan, ta yi barci. Na gaya wa Inna. Ta ce to. Ta ce daga yau in sun kira lokacin wanka kada in kawo mata, in bari sai an shafa mai an sa riga.

Haka muka yi. Yarinyar yanzu tana tafiya, tana ƙwace wayar uwarta tana lasar gilashin. Inna takan ce mata "ke, ƙazama," ta yi dariya, ta miƙo mini wayar da wuri. Saura shekara uku da wani abu kafin a yarda ta sake nema, kuma ta ce ko an yarda ba ta sake dangwala yatsa a takardar kowa.